Taitan, Watan da Iskarsa Ke Cin Jarinta

A watan Nuwamba na 1980 kumbon Voyager 1 ya gifta ta gefen Taitan, babban watan duniyar Satun, wadda masana falaki na da suke kira Zuhal. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kilomita 6,500 ba. Don a kai kumbon kusa haka sai da aka haƙura da damar tura shi Fuluto, kuma bayan wannan karkatar bai sake kusantar wata duniya ba. Da hotuna suka iso, sai ga ƙwallo ruwan goro, sumul, ba dutse, ba rami, ba tabo. An je ganin fuska, aka tarar da lulluɓi.

An daɗe ana kallon wannan hazo a matsayin cikas kawai. Ni kuwa a ganina, wanda ya gane yadda hazon nan yake samuwa ya gane fiye da rabin Taitan. Shi ke rage wa ƙasa zafi, a kansa gajimare ke taruwa, kuma ana kyautata zaton shi ne ya zama rairayin da ya mamaye tsakiyar watan. Sannan shi ne shaidar cewa iskar Taitan jarinta take ci, ba riba ba.

Christiaan Huygens, ɗan ƙasar Holan, shi ya gano Taitan a ranar 25 ga Maris 1655. Faɗinsa kusan kilomita 5,150 ne, ya fi duniyar Makyuri faɗi, kuma a duk watannin da ke kewaya duniyoyin rana, Ganimid na Jufita ne kaɗai ya ɗara shi. Yana zagaye Satun sau ɗaya a kusan kwana 16, da fuska ɗaya yake kallon ta kullum kamar yadda watanmu yake yi mana, saboda haka yini da dare guda a can kwana 16 ne namu. Nisansa da rana ya ninka namu kusan sau tara da rabi, don haka hasken da ke isa saman iskarsa bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na wanda muke samu ba. Wanda ke ratsa hazo ya taɓa ƙasa kuwa kusan ɗaya cikin dubu ne. Ba duhu ba ne dai, ya fi farin wata haske sau ɗaruruwa, amma tsakar rana a can kamar almuru take.

Cikin ɗaruruwan watannin da aka sani, shi kaɗai ne mai iska mai kauri. A 1944 Gerard Kuiper ya rarrabe hasken da ke fitowa daga Taitan, ya ga alamar metan a ciki, wato iskar da ta fi yawa a gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa. Daga nan aka ɗauka metan ne ya cika sararin. Voyager ne ya gyara wannan, duk da bai ga ƙasa ba. Ya aiko da saƙon rediyo ta cikin iskar, daga yadda saƙon ya lanƙwashe aka lissafa nauyinta da sanyinta, aka gane mafi yawanta naitirojin ce, kamar tamu. A kusa da ƙasa naitirojin kusan kashi 95 cikin ɗari ce, metan kusan kashi 5. Can sama metan yakan ragu zuwa kashi ɗaya da rabi ko ƙasa da haka kaɗan. Sai ɗan haidirojin, kusan ɗaya cikin dubu.

Wani zai ce, duk wannan gas, ashana ɗaya ba za ta tashi watan ba? Ashanar ma ba za ta kama ba. Wuta sai da oksijin, shi kuwa oksijin ɗin Taitan yana ɗaure cikin ƙanƙarar ruwa, wadda a sanyin digiri 179 ƙasa da sifili ta zama dutse sosai. Tsaunuka da duwatsun Taitan ƙanƙara ce.

Matsin iska a ƙasa ya fi namu da kusan rabi, alhali ƙarfin jan Taitan kashi ɗaya cikin bakwai ne na duniyarmu. Kafin ja mai rauni haka ya samar da matsi mai yawa haka, sai an jibga iska da gaske: a kan kowane taku na ƙasar Taitan akwai iskar da ta ninka wadda ke kan takunmu kusan sau goma. Kuma da yake jan ba shi da ƙarfi, iskar ta miƙe sama ƙwarai. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kewaya duniyarmu a tsayin kilomita 400 ba matsala. Kumbon Cassini kuwa, wanda aka tura ya yi nazarin Satun da watanninta, a duk giftawa 127 da aka tsara masa ta gefen Taitan, bai kuskura ya sauko ƙasa da kusan kilomita 900 ba, don kada iska ta juya shi.

Masana'antar da ke can sama

Ginin ƙwayar metan ba shi da wuya: zarrar kabon ɗaya a tsakiya, zarrar haidirojin huɗu riƙe da ita. Ƙwayar naitirojin kuma zarra biyu ce da suka ƙulle juna da ɗauri uku, ɗaurin da yake cikin mafi wuyar kwancewa a ilimin sinadarai. Da za a bar su biyun cikin sanyin nan, da sun zauna tare shekaru aru-aru ba wanda ya kula wani. Mai haɗa su daga waje yake zuwa. Akwai hasken ultrabayolet na rana, wanda ido ba ya gani amma yana tsinka ɗauri. Akwai kuma ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke yawo cikin filin maganaɗisun Satun, suna faɗowa kan iskar daga sama.

Idan metan ya tsinke, gutsattsarinsa ba sa iya zama su kaɗai, dole su kama wani. Gutsure biyu masu kabon ɗaya-ɗaya suka haɗu, an sami etan, wanda shi ne ya fi yawa a cikin abin da masana'antar ke fitarwa. Ta wasu hanyoyin a sami asetilin, gas ɗin da masu walda ke ƙonawa, ko etilin, ko furofen, ko zoben nan mai kabon shida da ake kira benzin. Idan gutsuren naitirojin ya shigo cikin lissafin, sai a sami haidirojin sayanaid, wanda a wurinmu guba ne, da danginsa. Jerin kullum ƙaruwa yake. A 2013 Cassini ya gano furofilin, sinadarin da ake yin robar mazubai da shi. A 2017 aka bayyana cewa na'urorin hangen nesa na ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Chile sun hango akrilonaitiril. A 2025 kuma aka sanar da cewa madubin hangen nesa na James Webb ya kama gutsuren metan ɗin kansa, wanda aka cire wa haidirojin ɗaya, kafin ya sami abokin haɗuwa. Da can kayan da ke shiga da kayan da ke fita kawai ake gani, yanzu an ga aikin yana tsakiya.

Babban abin mamaki dai daga Cassini ya zo. Kafin zuwansa, an ɗauka hazon yana samuwa ne a tsayin 'yan ɗaruruwan kilomita, inda iska ke da ɗan kauri. Can wajen kilomita 1,000 kuwa an zaci ƙananan ƙwayoyi ne kawai, tunda iskar wurin ta yi siriri ƙwarai. Da kumbon ya ratsa ta wurin ya shaƙa, sai ya tarar da ƙwayoyi masu caji waɗanda nauyinsu ya haura na zarrar haidirojin sau 10,000. Metan nauyinsa 16 ne a wannan ma'auni. Ashe tun daga bakin sararin samaniya ake fara ƙulla hazon, kuma cajin lantarki ne ke saurin jawo ƙwayoyin ga juna.

Daga nan sai gangara, tafiyar hawainiya. Ƙananan dunƙulen suna saukowa suna manne wa juna, har su zama wani abu mai sako-sako kamar gutsuren toka, dubban ƙanana a jiki guda. Wannan ne hazo mai kaurin da Voyager ya gani, wanda ke shanye shuɗin haske ya bar ruwan goro. A samansa akwai wani siririn zobe na hazo da ya ware kansa, wanda Cassini ya gani a tsayin kusan kilomita 500, ya kuma ga ya sauko ƙasa da 400 da yanayi ya juya. Idan dunƙulen suka iso ƙasa-ƙasa inda sanyi ya fi tsanani, etan da sayanaid da sauransu sai su daskare a jikinsu, su ƙara musu nauyi. A ƙarshe komai ƙasa yake zuwa.

Masana sun gwada yin irinsa a ɗakin gwaji: a zuba naitirojin da metan a kwalba, a sakar musu lantarki ko hasken ultrabayolet, bayan wani lokaci a ga wani danƙo ja-ja ya lulluɓe gilashin. Carl Sagan da Bishun Khare suka raɗa masa suna tolin a 1979, daga kalmar Girkanci mai nufin abu mai laka. Sunan ya dace da gaskiya, domin tolin ba sinadari ɗaya ba ne, buhu ne da aka zuba dubban sinadarai a ciki, kuma abin da za ka samu ya danganta da yadda ka haɗa gwajin. Duk lokacin da ka ji an ce hazon Taitan tolin ne, ka ɗauka ana nufin ya yi kama da abin kwalbar nan, ba wai an tantance shi ba.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Kowane tsinkewar metan yana sakin haidirojin, shi kuwa haidirojin ya fi komai rashin nauyi, jan Taitan ba ya iya riƙe shi. Yakan sulale zuwa sararin samaniya, ba dawowa. Kabon ya yi ƙasa, haidirojin ya yi sama, babu mai sake haɗa su. A manyan duniyoyi irin Jufita da Satun, abin da rana ta farfasa yakan nutse can ciki inda zafi da yalwar haidirojin ke mayar da shi metan. Taitan ba shi da wannan dama. Hanyarsa ɗaya ce, mai tafiya ba komowa.

Bargo da inuwa

Idan aka lissafa hasken da Taitan yake sha daga rana kawai, ya kamata sanyin ƙasarsa ya kai kusan digiri 191 ƙasa da sifili. Abin da aka auna 179 ne. Wannan bambanci na digiri 12 sakamakon ja-in-ja ne tsakanin abu biyu, kuma Christopher McKay da abokan aikinsa James Pollack da Régis Courtin suka fitar da lissafinsa a 1991.

Na farko bargo ne, irin wanda ake magana a kansa idan ana batun ɗumamar duniyarmu: iska tana barin hasken rana ya shigo, tana hana zafin ƙasa fita. Amma yadda ake saƙa bargon a can daban ne. A wurinmu naitirojin ba ta riƙe zafi, aikin tururin ruwa ne da kabon dayoksaid. A Taitan iskar ta yi kauri da sanyi har ƙwayoyin naitirojin da metan da haidirojin suna yawan gogar juna, kuma a ɗan lokacin da biyu suka yi karo, rabon cajinsu yakan karkace, su iya kama zafin da ke neman fita. Wannan yana ɗaga zafin ƙasa da kusan digiri 21.

Na biyu inuwa ce, kuma hazo ne mai yin ta. Aikinsa kishiyar na bargo ne daidai: yana tare hasken rana tun daga sama, amma zafin da ke tasowa daga ƙasa yana wuce shi kamar ba ya nan. Wannan yana rage kusan digiri 9. An ƙara 21, an cire 9, saura 12. Hasken da hazon ya shanye kuma bai ɓace ba, saman iskar yake ɗumamawa. Shi ya sa idan kana hawa daga ƙasa, sanyi yana ƙaruwa har ya kai kusan digiri 203 ƙasa da sifili a tsayin kilomita arba'in da 'yan kai, daga nan sai ya fara raguwa, har a kai inda ya fi ƙasa ɗumi da kusan digiri 80. Aikin da iskar ozon take yi a saman duniyarmu ke nan, hazo ke yin sa a can.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bargon da inuwar uwarsu ɗaya. Metan yana cikin bargon, haidirojin da ke taya shi daga farfashewar metan ya fito, hazon ma daga metan. Kuma digiri 12 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Metan zalla yana daskarewa a digiri 182 ƙasa da sifili, yana tafasa a kusan 162 a matsin iska irin namu. Taitan ya faɗa cikin wannan 'yar tazara ne da kyar, dab da bakinta na ƙasa. Ba don ragowar ɗumin nan ba, da ba ruwan sama, ba kogi, ba tafki.

Ruwan sama da ba ruwa ba

Cassini ya tashi a watan Oktoba na 1997, aikin haɗin gwiwa na hukumar NASA ta Amurka da hukumomin sararin samaniya na Turai da Italiya, ya isa Satun a tsakiyar 2004. Yana goye da wani ƙaramin kumbo da aka sa wa sunan Huygens. A ranar 14 ga Janairu 2005 Huygens ya shiga iskar Taitan, ya buɗe lema, ya yi kusan awa biyu da rabi yana saukowa. Har yau ba a taɓa sauke wani abu a wuri mai nisa kamar wannan ba.

An gina shi yadda zai iya yin iyo, domin a lokacin wasu masana suna ganin etan ɗin da ya shekara biliyoyi yana zubowa ya isa ya zama teku mai zurfin ɗaruruwan mita da ya rufe watan baki ɗaya. An kuma yi tsammanin hazo zai yaye can sama a ga ƙasa tas. Duka biyun ba haka aka tarar ba. Hazon ya bi shi har ƙasa, yana dai raguwa. Da ƙasa ta fara bayyana, sai ga kwaruruka masu rassa kamar jijiyoyin ganye, suna gangarowa daga tudu mai haske zuwa fili mai duhu. Wurin da ya sauka busasshen gadon kogi ne, cike da duwatsun ƙanƙara masu santsi, irin waɗanda sai abu mai gudu ya daɗe yana mirgina su. Da ɗumin jikin kumbon ya taɓa ƙasar, na'urarsa ta ga metan ya ƙaru nan take. Ƙasar a jiƙe take.

Saura ƙiris a rasa ma'aunin iska na wannan rana, domin wani umarni da aka manta a saka ya sa ɗaya daga cikin tashoshin karɓar saƙo biyu na Cassini bai kunnu ba. Manyan na'urorin sauraron rediyo da ke nan duniya ne suka tsinci raunannen saƙon Huygens kai tsaye, daga nan aka farfaɗo da lissafin. A tsayin kilomita 120 iskar tana gudun fiye da kilomita 400 a awa, daga yamma zuwa gabas, alhali ƙasar Taitan a tsakiyarsa ba ta juyawa da gudun da ya wuce kusan kilomita 40 a awa. Iskar sama tana tsere wa watan, wato tana kewaye shi sau da yawa kafin shi ya juya sau ɗaya, kamar yadda ake gani a duniyar Zahra. A ƙasa kuwa lumui, da kyar take motsi.

Tafkunan sai a watan Yuli na 2006 na'urar rada ta Cassini ta gan su, a can ƙuryar arewa. Kraken Mare, mafi girma, ya kai ko ya fi tekun Kasfiyan faɗi. Ligeia Mare ya haura murabba'in kilomita 120,000, kuma ruwansa ya yi garau har saƙon rada ya ratsa shi ya taɓo ƙasa a zurfin kusan mita 160, abin da ya nuna mafi yawansa metan ne. A kudu kuwa babba ɗaya ne tak, Ontario Lacus, shi ma bai kama ƙafar na arewa ba, ga kuma alamun gadajen tafkuna da suka ƙafe. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne hanyar Satun a kewayen rana ba da'ira ce cikakkiya ba. A zamanin nan, lokacin zafin kudu yana zuwa ne sa'ad da Satun ta fi kusa da rana, sai ya zo da ƙarfi amma gajere, na arewa kuma ya zo da sauƙi amma dogo. A hankali metan yana ƙaura arewa. Bayan dubban shekaru masu yawa lissafin zai juya, tafkunan su koma kudu.

Shekarar Satun shekara 29 da rabi ce tamu, kowane yanayi ya haura shekara bakwai. Da yake Taitan a hankali yake juyawa, iskarsa ba ta rarrabu gida-gida kamar tamu ba. Yawancin lokaci zagaye ɗaya take yi: ta tashi a ɓangaren da ke cikin zafi, ta bi ta sama, ta sauka a ƙuryar da ke cikin sanyi, ɗauke da hazo da sinadaran da aka ƙera a sama. Shi ya sa ƙuryar da ke cikin duhun hunturu take sa baƙar hula. Voyager ya ga hular a arewa. Cassini ya yi shekara 13 a can, har ya ga juyin da idonsa: bayan da rana ta tsallaka tsakiya a watan Agusta na 2009, zagayen ya birkice, zuwa 2012 wata guguwa ta kafu a ƙuryar kudu, da gajimaren ƙanƙarar sayanaid a tsayin kusan kilomita 300.

Ruwan sama kuwa ba ya yawan zuwa, amma in ya zo, kamar da bakin ƙwarya. Dalilin yana cikin lissafi. Da za a matse duk tururin ruwan da ke iskar duniyarmu, zurfinsa bai wuce santimita biyu da rabi ba, rana kuma tana da ƙarfin mayar da shi cikin kwanaki. Da za a matse metan ɗin iskar Taitan, zai kai mita da dama, ga rana mai rauni da ba ta iya cika wannan rumbu sai a shekaru masu yawa. Don haka wuri yakan daɗe ƙwarai ba ɗigo, sannan a sauke masa gaba ɗaya. A ƙarshen 2010 Cassini ya ga wani gagarumin hadari mai siffar kan kibiya a tsakiyar watan, bayan wucewarsa ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 500,000 ta yi duhu saboda jiƙewa, daga baya ta bushe ta koma yadda take. Lissafi ya nuna ɗigon zai iya kai kusan santimita ɗaya, ya fi namu girma, amma a hankali yake saukowa, kusan mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, saboda kaurin iska da raunin ja.

Hadarin nan ya taimaka wajen warware wata matsala. Tsakiyar Taitan cike take da dogayen tuddan rairayi, tsayinsu kusan mita 100, tsawonsu ɗaruruwan kilomita, a jere kamar kunya. Rairayin baƙi ne, kuma alamu sun nuna na sinadaran kabon ne, wato hazon da ya sauka. Siffar tuddan ta nuna iskar da ta gina su daga yamma take busowa, amma lissafin yanayi yana cewa iskar yau da kullum a wurin daga gabas take zuwa. Amsar da aka fi yarda da ita: iskar kullum ba ta da ƙarfin ɗaga rairayin. Sai irin hadarin nan na lokacin juyin yanayi, sau biyu a shekarar Satun, wanda ke jawo iskar yamma mai gudu daga sama ya buga ta ƙasa. 'Yan kwanakin guguwa ne ke zana abin da shekaru goma sha huɗu na shiru ba sa iya gogewa.

Ina metan yake fitowa?

A yadda rana take farfasa shi, duk metan ɗin da ke iskar Taitan zai ƙare cikin shekaru miliyan 'yan gommai. Shekarun Taitan kuwa biliyan huɗu da rabi ne. Ruwa ba ya tsami banza: ko dai akwai mai zuba sabo, ko kuma mun zo ne a wani ɗan lokaci na musamman.

Tafkuna ba za su zama amsa ba. A wurinmu teku ne rumbu, tururin sama ɗan kaɗan ne daga gare shi. A Taitan abin a juye yake, metan ɗin da ke cikin iska ya ninka na duk tafkunan da aka gani. Hankali sai ya koma cikin ƙasa. Ƙanƙarar ruwa tana iya kulle ƙwayoyin metan a cikin ƙananan kejin da ke jikinta, kuma ɓawon Taitan zai iya ɗauke da irin wannan ƙanƙara mai yawa. Akwai shaidar cewa ciki yana numfasawa waje: Huygens ya sami gas ɗin argon mai nauyi 40 a iskar, wanda ba ya samuwa sai daga ruɓewar fotasiyam da ke cikin duwatsun can ƙasa. In argon ya sami hanyar fita, metan ma zai samu. An nuna wurare irin Doom Mons da ramin Sotra Patera da ke gefensa a matsayin abin da ya yi kama da dutse mai aman ƙanƙara, sai dai ba a kama ko ɗaya yana aman ba.

Etan ma ya ƙi cika lissafi. Da masana'antar nan ta yi shekara biliyan huɗu tana aiki ba tsayawa, da tekun nan da aka gina Huygens dominsa yana nan. Babu shi. Wataƙila etan ɗin ya tsiyaye cikin ɓawon ƙasa, wataƙila kaso mai yawa na kabon ya tafi ga hazo da rairayi, wataƙila kuma metan bai daɗe a iskar ba kamar yadda aka zata. Wasu masana suna ganin fitowarsa zuwa-zuwa ce, a yi babban amai, a yi shekaru miliyoyi ana ci, ya ƙare, a jira na gaba. Ni wannan ra'ayin ya fi kwanta mini, don shi ne ba ya buƙatar a ce abin da ke fita daga ciki ya yi daidai da abin da rana take ci, tsawon biliyoyin shekaru, ba ƙari ba ragi. In haka ne, to akwai zamunan da Taitan ba shi da hazo, samansa garau, bargonsa ya yaye, sanyi ya ƙaru har wataƙila ita kanta naitirojin ta fara zubowa ƙasa.

Naitirojin ɗin ma da alama ba a haka ta zo ba. Da a matsayin iska aka kama ta lokacin da watan yake haɗuwa, da ta zo da argon na asali mai yawa, tunda a sanyi kusan ɗaya ƙanƙara take kama su. Huygens ya tarar da ɗan kaɗan ƙwarai. Saboda haka ake ganin a matsayin ƙanƙarar amoniya ta iso, daga baya haske ko zafin karo ya farfasa ta.

Dalilin da ya sa masu binciken asalin rai suke zuba wa Taitan ido ke nan. Ana jin duniyarmu ma, kafin oksijin ya cika iskarta fiye da shekara biliyan biyu da suka wuce, ta taɓa yin zamunan hazo irin wannan. A nan rai da ruwa da motsin ƙasa sun shafe sawun. A can sanyi ya adana kayan. Kada dai a zarce da zato: a digiri 179 ƙasa da sifili haɗuwar sinadarai a ƙasa tana tafiya a hankali ƙwarai, kuma metan ba ya narkar da abubuwa kamar yadda ruwa yake yi. Tara kayan gini daban, gini daban.

A 2019 NASA ta zaɓi aikin da zai koma can, wani jirgi mai farfela takwas, girman ƙaramar mota, mai suna Dragonfly, wato mazari. An tsara tashinsa a watan Yuli na 2028, isarsa a 2034. Iska mai kauri ninki huɗu da ja mai rauni sun sa tashi a Taitan ya fi sauƙi a kan tashi a nan, amma hazo ya hana a dogara da hasken rana, don haka da makamashin nukiliya zai yi cajin batirinsa cikin dare mai tsawon kwana takwas. Ba tafkuna zai nufa ba, domin a lokacin arewa tana cikin hunturu, rana da duniyarmu duk sun faɗi a can, ba hanyar aiko da saƙo kai tsaye. Zai sauka ne a tuddan rairayin Shangri-La, ya riƙa tsalle daga wuri zuwa wuri har ramin Selk, inda wani dutse da ya faɗo daga sama ya taɓa narkar da ƙanƙara, ruwa na ainihi ya cakuɗa da abin da ya zubo daga hazo na wani lokaci kafin ya sake daskarewa. Abin da zai fara ɗiba ya auna shi ne rairayin da ke ƙarƙashin ƙafafunsa.